Yadda Aka Miƙa Mu ga Sarkin Aski

Wahala dai mun sha ta, kuma ba na son mai ce mini ai kowa ya sha. Kowa ya sha, ni tawa nake faɗa. A shekarun yaƙin basasar nan ni mai sayar da ti ne a bakin tashar garinmu, kan hanyar da ta taso daga Funtua ta nufi Malumfashi. Rumfa ce ta zana, da benci, da tebur, da tukunyar ƙarfe a kan murhu. Ita ke ci da ni da matata da yara da tsohuwata da idonta ya tafi. Gonar da na gada ba ta kai a kira ta gona ba.

Kafin rikici abin yana tafiya. Akwai wani mutumin Gabas mai gidan burodi a Funtua, kullum motar safe takan sauke mini kwando. Direbobin manyan motoci masu ɗaukar gyaɗa da auduga ba sa wuce rumfata. Sai aka yi abin da aka yi, mai burodi ya rufe gida ya tafi da iyalinsa, ko sallama ban samu na yi masa ba. Daga baya wani ya buɗe gidan, amma fulawa ta yi wuya. Burodi ya zo yau, gobe babu. Sukari ya ɓuya. Madarar gwangwani ta zama abin da mai kanti ke zarowa daga ƙarƙashin tebur ya ba wanda ya sani. Motoci kuma da yawa sun yi kudu da kayan soja, direbobin da na saba da su sai dai labari.

Na koma sa mazarƙwaila a madadin sukari, tunda ana yin ta a fadamun rake na wajenmu. Tana mayar da ti baƙi ƙirin, ga ƙaurin hayaƙi. Wani direba ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Mai ti, wannan na shawara ne ko na basir?" Na ce masa na talauci ne, ya shanye abinsa. Ya shanye kuwa, amma bai ƙara tsayawa ba.

Ba ni kaɗai ba ne a bakin tashar. Dama da ni akwai wata dattijuwa mai tuwo da miyar kuka, kowa Inna yake ce mata. Gaba da ita akwai wata Bayarabiya mai shinkafa da wake, haifaffiyar garin ce, in ana faɗa Hausarta ta fi tawa kaifi. Hagu da ni wani mai ti ne kamata, muna ce masa Malam domin ya yi karatun allo mai nisa, kuma ya taɓa zama a Kano, abin da ba ya bari a manta. Can ƙarshe sai mai tsire.

Duk abin da muke jira shi ne a buɗe awon auduga. In aka buɗe, manoma kan kwararo daga ƙauyuka da jakuna, Musulmi da Maguzawa, su yi layi tun da sassafe cikin ɗari. Mutumin da duk shekara ba ya sayen abinci a waje, ranar da aka auna audugarsa yakan zauna a benci ya ce a ba shi ti da burodi, ya ƙara da tuwon Inna. Abin da muka samu a wannan lokaci shi ke kai mu har damina.

Ana cikin haka, damina na ƙarewa, sai duba-gari ya zo. Saurayi ne mai gajeren wando da doguwar safa, ba baƙo ba ne, yakan sha ti a wurina. Ran nan bai zauna ba. Ya ce gudawa ta yi ɓarna a wasu garuruwa, saboda haka umarni ya zo daga sama: duk mai sayar da abinci a bakin hanya sai ya yi daɓen siminti, ya yi rufin kwano, ya sa abincinsa a akwati mai raga saboda ƙuda. Wanda bai yi ba kafin ranar buɗe awon auduga, za a ɗage rumfarsa.

Inna ta ce, "Ɗan nan, siminti? Alhazan garin nan sun tsai da gini saboda babu shi, ni ce zan samo?"

Ya ce, "Inna, ni aike ne."

Ni ba na faɗa da tsabta. Amma a lokacin ko rumfar da abin da ke cikinta na sayar, ba za su rufe rabinta da kwano ba. In an bar mu muka ci kasuwar auduga, wataƙila mu iya daɓen. In ba a bar mu ba, babu daɓe, babu rumfa.

Mai tsire ko a jikinsa. Ya kaɗe hularsa ya tafi wurin sarkin pawa, sarkin pawa ya naɗa rawani ya je ƙofar hakimi, kafin mako ya zagayo aka ce mahauta a bar su sai bayan kaka. Haka abin yake a lokacin. Maƙera na da sarki, magina na da sarki, wanzamai na da sarki, har makafi. Mai sana'a ba ya kai kukansa da bakinsa, sarkinsa ke kai masa. Mu kuwa ba mu da kowa. Sayar da ti sabon abu ne, babu wanda ya gaje shi wurin ubansa. Masu tuwo kuma mata ne, ba a ma lissafa su.

Muka taru a rumfar Inna bayan la'asar, da kasuwa ta lafa. Bayarabiya ta ce mu je mu duka mu tsaya a ƙofar hakimi har sai an saurare mu. Inna ta ce mace ba ta shiga wannan zaure, sai dai ta tsaya a waje kamar mai jiran sadaka. Aka tsaya a kan ni da Malam mu je a madadin kowa, ni in yi magana domin na girme shi. Roƙonmu ɗaya ne: a bar mu sai an rufe awon auduga.

Malam ya ce, "Amma fa, Yaya, kada ka je gaban manya kana cewa ti. Ti maganar Nasara ce da 'yan tasha, za su ɗauke mu 'yan iska. Shayi ake cewa. Haka ake faɗa a Kano, haka Larabawa ke faɗa."

Inna ta yamutse fuska ta ce, "Shayi kuma?"

Ya ce, "Inna, ke dai ba ki fita ba ne."

Ni ban yi karatu ba, shi ya yi. Na ce to.

Da muka je sai muka tarar hakimi ya fita rangadi, ba a sa ran dawowarsa sai bayan an buɗe awo. Wakilinsa ne a zaure, baffansa ne, tsoho tukuf, kunnensa ya yi nauyi. Mutum ne da aka sani da adalci, amma bai taɓa taka tasha ba, kuma na tabbata bai taɓa kai ti bakinsa ba. Koko da fura ya sani. Gefensa akwai wani bafade mai ƙaton murya, shi ke ɗaukar maganarka ya zuba masa a kunne. Muka cire takalma tun daga nesa, muka durƙusa, muka yi gaisuwa.

Bafade ya ce, "An gaishe ku. Su wa ke nan?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninsa, mu ne masu shayi na bakin tasha."

Bafade ya sunkuya ya faɗa masa. Tsohon ya ɗago kai ya dube mu sosai.

Ya ce, "A bakin tasha kuke yi?"

Na ce, "A nan muke yi, ranka ya daɗe. A rumfa."

"Mutane na wucewa?"

"Ai saboda masu wucewa muka zauna a wurin, ranka ya daɗe."

Ya girgiza kai, ya ce zamani ya zo da abubuwa. Ya ce in faɗi abin da ya kawo mu. Na ce duba-gari ya ce wurinmu ba tsabta, ƙuda na sauka, sai mun yi daɓe da rufi. Na ce mu ba mu ƙi ba, kullum sai mun tafasa ruwa kafin mu taɓa komai. Na ce aikinmu na lokacin ɗari ne, da sassafe, kuma ga ɗari ya ƙarato, in aka tashe mu yanzu mun rasa shekara.

Tsohon yana ta gyaɗa kai. Ya ce, "Gaskiya ne, aikin na ɗari ne. Ya fi saurin kamewa."

Ban gane me zai kame ba, amma na ga yana tare da mu, sai raina ya yi sanyi.

Ya ce, "Yaran na da yawa bana?"

Na ce, "Yara ba su cika zuwa ba, ranka ya daɗe. Manya ne. Direbobi, da Maguzawa in sun kawo auduga."

Bafade ya zuba masa wannan a kunne. Fuskar tsohon ta washe. Ya ce, "Maguzawa? Da kansu suke zuwa? Madalla. Wannan aikin lada ne, Allah ya ƙaro su."

A nan ne abin ya faɗo mini. A bakin tsofaffin garinmu shayi ba abin sha ba ne. Shayi kaciya ce, wadda wanzamai ke yi wa yara maza lokacin sanyi. Ni ma da ita na tashi, shayi aka ce an yi mini ina yaro. Zaman tasha da Kanon Malam ne suka mantar da ni. Tun da muka durƙusa, tsohon nan wanzamai yake gani a gabansa.

Na buɗe baki in gyara, sai Malam ya mintsine ni a cinya. Shi ma ya gane. Zauren cike yake da mutane, wasu na ga sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Bafaden kansa ban sani ba ko ya gane ko bai gane ba, fuskarsa kamar bango. Wa zai ce wa baffan hakimi, a gaban jama'a, ranka ya daɗe ba ka fahimta ba? Wanda bai zauna a irin wannan zaure ba zai ce me ya hana. Ni na zauna, harshena ya ƙi ɗaguwa.

Tsohon ya ce, "To ina sarkinku? Me ya sa bai zo da ku ba?"

Na ce, "Ba mu da sarki, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Masu shayi ba su da sarki? Sarkin aski fa, mutuwa ya yi? Ku je wurinsa, shi zai kawo mini maganarku. Kada ku ƙara tsallake shi."

Bafade ya ce, "An sallame ku."

A waje Inna da Bayarabiya na tsaye a gindin bango. Na faɗa musu abin da ya faru. Bayarabiya ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta daina ta share ido. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dubi Malam ta ce, "Ni ce ban fita ba ko?"

Ba mu da wata hanya, muka tafi gidan sarkin aski. Mun same shi a ƙofar gida yana wasa aska a tafin hannu. Dattijo ne mai barkwanci, shi ya yi wa 'ya'yana aski ranar suna. Da ya ji labarin sai da ya ajiye askar don kada ya yanke kansa.

Ya ce, "Direbobi da Maguzawa? A kan benci? Kai, kun fi ni kasuwa. Da madara kuke yi ko ba madara?"

Na ce, "Baba sarki, rumfata za a rushe."

Sai ya bar dariya. Ya shafa gemu. Ya ce shi ba zai je ya ce wa tsohon bai ji daidai ba. In ya faɗa, kafin magariba yara sun sa abin a waƙa, kuma ba za a manta da wanda ya tona ba. Amma tunda an miƙa masa mu, zai karɓa. Zai je ya roƙa a bar masu shayi su yi aikinsu har ɗari ya wuce, ba zai ƙara ko kalma a kai ba.

Ya ce, "In aka ce a bar masu shayi, ku ba masu shayi ba ne?"

Malam ya farfaɗo. Ya ce ai dama kalmar daidai take, mutane ne ba su sani ba.

Sarkin aski ya cika alkawari. Ya naɗa rawani ya je, tsohon ya amince nan take, har ya ce duba-gari ba shi da hurumi a kan sunna. Aka ce bafade zai kai wa duba-gari saƙo. Da labari ya iso tasha, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na sayi sabuwar zana na toshe inda iska ke shigowa.

Inna ta ce, "To ku an bar ku. Mu masu tuwo fa?"

Babu wanda ya tuna da wannan. Mun je a madadin kowa, mun dawo da abin da ya rufe mutum biyu. Na ɗauko tsohuwar butata da ta huje na kai mata, na ce ta ajiye a gaban tukunyar tuwo, in an tambaya ta ce ita ma tana shayi. Ta dube ni, ta dubi butar.

Ta ce, "Da tsufana za a ce ina shayi a bakin tasha."

Amma ta karɓa ta ajiye. Bayarabiya ma ta aro wata, har da kofi biyu ta jera a gefe. Haka muka zauna, rumfa huɗu kowacce da buta a gaba, muna jiran auduga.

Ana gobe za a buɗe awo, da yamma, duba-gari ya zo. Wannan karon ya zauna a bencina. Na zuba masa ti, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce gobe da hantsi leburori za su zo.

Na ce, "Saƙo bai iso ka ba? An ce a bar masu shayi."

Ya ce, "Ya iso. Na tambayi wanda ya kawo, wane shayi? Ya ce na yara, wanda sarkin aski ya zo a kansa. Ni kuma ban taɓa hana wanzami aikinsa ba."

Na ce, "Amma ka san mu ne."

Ya ce, "Na sani, Baba. Garin nan duka an sani, ban da mutum ɗaya. In da ya ce a bar masu abinci, da na sami abin faɗa wa na sama da ni, kamar yadda na faɗa a kan mahauta. Yanzu in suka zo suka ga rumfunan nan, in ce musu me? In ce wanzamai ne?"

Ya dubi butar da ke gaban tuwon Inna, ya kau da kai. Na ce ya jira hakimi ya dawo. Ya ce ranar ba shi ya sa ta ba, kuma shi ma yana da masu ci a hannunsa. Ya ajiye kofin a cike. Da zai tafi ya rage murya ya ce leburorin ba su da hankali, karya dirkoki suke yi su tafi da su a matsayin itacen wuta.

Malam ya ce a koma wurin sarkin aski. Na ce a ce masa me? Ya yi abin da zai iya. Bayarabiya ta ce ita za ta shiga zauren da kanta ta faɗa wa tsohon a kunne, da Hausar da ba ta da harshe biyu. Inna ta ce ko ta shiga, bafade ne zai ɗauki maganar, kuma shi ya san abin da yake so tsohon ya ji. Jakuna sun riga sun fara shigowa gari da auduga, muna kallonsu suna wucewa ta gabanmu zuwa filin awo. Inna ta ɗauko butata ta miƙo mini, ta ce in riƙe kayana, ta gode.

Na koma gida ban faɗa wa tsohuwata ba. Matata ta gani a fuskata, ba ta tambaya ba.

Washegari da na fito daga masallaci ban hura wuta ba. Na kwance zanar rumfata, har da sabuwar, na naɗe. Na tone dirkokin ɗaya bayan ɗaya ban karya ko guda ba. Na yi wa Inna haka, na yi wa Bayarabiya, Malam ya zo ya kama mini, muka kwance tasa ma. Muka kai komai zauren wani maƙwabci muka jingine. Sannan na nemo waya na ɗaure kaskon gawayi a ƙarƙashin babbar butata, na zuba kofuna da mazarƙwaila a bokiti, na ɗauka hannu biyu na nufi filin awo. Na bi layin manoma daga kai zuwa gindi ina cewa ga ti, ga ti mai zafi.